Bayan An Sallami Majinyaci: Rayuwar Mai Ciwon Dajin Baki a Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Jawabin da wani ɗalibi ya yi a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai



 Abin da zan yi magana a kai shi ne ciwon dajin baki. Ba zan daɗe a kan yadda ake kamuwa da shi ko yadda ake maganinsa ba, gama wannan fagen likitoci ne. Inda nake so mu tsaya shi ne inda akasari akan rufe zancen, watau ranar da aka sallami majinyaci daga asibiti, aka ce an gama aiki, 'yan'uwa suka ɗauko shi suka komo da shi Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu. Ranar nan dangi da maƙwabta sukan cika gida, ana barka da arziki, ana Allah ya ƙara sauƙi. Bayan kwana uku sai ƙafa ta ɗauke. To, daga nan wace irin rayuwa bawan Allahn nan zai yi? Da me zai ci abinci, da me zai yi magana, da wace fuska zai shiga cikin jama'a?

Maganata guda ce, kuma ita zan yi ta bi har in sauka. Yanke ciwo aikin manyan asibitocin Sakkwato da Zariya ne. Mayar da mutum cikin mutane kuwa aikin gida ne, kuma yawancin abin da wannan aiki yake bukata bai fi ƙarfinmu ba.

Ciwon da maganinsa

Ciwon dajin baki shi ne wanda ke kama leɓe, ko harshe, ko dasashi, ko cikin kumatu, ko ganɗa, ko ƙarƙashin harshe. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 kaɗai kimanin mutum 390,000 ne suka kamu da shi a duniya, kimanin 188,000 kuma suka rasu. Manyan abubuwan da ke jawo shi su ne taba da giya. Taba kuwa kowace iri ce, da ta busawa, da garin nan da akan gauraya da kanwa a dunƙule a kumatu. Yakan soma da ɗan gyambo, ko wani farin tabo ko ja, wanda ba ya ciwo ƙwarai, amma ya ƙi warkewa.

Akwai wani tsohon zance a ƙasarmu, cewa daji ba ya son ƙarfe, watau ba ya son allura ko wuƙar likita. Saboda wannan zance sai a yi wata da watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ba za a nufi asibiti ba sai ciwo ya ci muƙamuƙi. Na kawo wannan ne domin irin rayuwar da mutum zai yi bayan magani tana rataye ne a kan ranar da ya zo. Wanda ya zo da gyambo kamar ƙwayar gyaɗa, ɗan abu kaɗan za a yanke, ya koma gida da harshensa da haƙoransa. A Amurka, cikin waɗanda aka gano ciwonsu tun bai yaɗu ba, fiye da 80 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Wanda ya makara kuwa, ko da an ceto ransa, to, a bakin rabin harshensa ko ɓarin muƙamuƙinsa aka ceto shi.

Maganin iri uku ne, kuma sau da yawa akan haɗa su. Akwai tiyata, inda ake yanke ciwon tare da naman da ke kewaye da shi, a kuma kwashe kaluluwar wuya. Akwai gashi, watau aika wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani daga na'ura zuwa wurin ciwon, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai, zama 30 zuwa 35 ke nan. Sa'an nan akwai allurar kemo. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ceton rai, kowanne kuma yana barin tabonsa.

Likitoci sun daɗe da gane cewa ƙirga waɗanda suka rayu kawai bai isa ba. A shekarar 1993 waɗansu likitoci a Jami'ar Washinton ta Amurka suka tsara wata takardar tambayoyi domin masu ciwon dajin kai da wuya, aka yi ta gyara ta har ta kai ga abubuwa goma sha biyu: zafin ciwo, kamannin fuska, kuzari, nishaɗi, haɗiya, tauna, magana, kafaɗa, ɗanɗano, yawu, yanayin zuciya, da fargaba. Majinyacin ne da kansa yake amsa su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Bari mu ɗauki waɗansu daga cikinsu, mu gwada su da rayuwarmu ta nan.

Yawu da haƙora da muƙamuƙi

Mu fara da yawu, abin da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Mai lafiya yakan samar da tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a kowace rana, daga waɗansu manyan halittu guda shida: biyu gaban kunnuwa, su ne ke kumbura in yaro ya kamu da hangum, biyu ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu ƙarƙashin harshe. Hasken gashi yakan lalata su, kuma ga mutane da yawa ba sa komawa yadda suke. Ku tuna yadda bakinku yake zama da la'asar sakaliya a azumin bazara. Haka bakin wannan mutum yake dare da rana, kuma babu magaribar da za ta kawo masa sauƙi. In hunturu ya busa abin ya ƙaru. Cikin dare yakan farka sau da dama ya jiƙa maƙoshi. Duk inda za shi, da gorar ruwa a hannunsa. Batun azumi kuwa, ya kamata ya zauna da likitansa da malaminsa, tun da addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Yawu ne ke wanke haƙora, yana kashe tsamin da ke cinye su. In babu shi, haƙoran da suka yi shekara hamsin lafiya lau sai su soma ruɓewa cikin watanni. A nan ne babban haɗari yake. Ƙashin muƙamuƙin da aka gasa jini ba ya gudana a cikinsa kamar da, saboda haka in aka cire haƙori ramin yana iya ƙin warkewa, ƙashin ya mutu ya soma ruɓa, ko da shekaru sun wuce bayan gashin. Shi ya sa likitoci suke duba haƙora su cire marasa kyau tun kafin a soma gashi. Yanzu ku dubi mutumin da ya koma ƙauye ba wanda ya gaya masa wannan. Haƙori ya hana shi barci, ranar kasuwa ya je wurin wanzami ko mai cire haƙori, aka fizge shi da awartaki. Aikin da aka yi wata biyu ana yi a babban asibiti sai ya rushe cikin minti biyar. Abin da zai kare shi kuwa bai taka kara ya karya ba: buroshi mai laushi, man goge baki mai sinadarin fulorayid, kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, da sanin cewa ba mai taɓa masa haƙori sai likitan da ya san an yi masa gashi.

Sai ƙagewar muƙamuƙi. Tabon tiyata da na gashi sukan sa naman da ke buɗe baki ya ɗaure a hankali. Ma'aunin likitoci shi ne, in tsakanin haƙoran sama da na ƙasa bai wuce santimita uku da rabi ba, baki ya soma ƙagewa. A gida ana iya gwadawa da yatsu uku a jere. Wanda abin ya yi wa tsanani cokali ma ba ya shiga bakinsa. Rigakafinsa motsa muƙamuƙi ne kullum, sau da yawa a yini, wani lokaci da 'yan katakon nan da likita ke danne harshe da su, a jera su a riƙa ƙara ɗai-ɗai. In an soma da wuri yana amfani. In an bari baki ya rufe, buɗe shi sai an sha wuya.

Har ila yau akwai kafaɗa. Wurin kwashe kaluluwar wuya akan taɓa wata jijiya da ke ɗaga kafaɗa. Ga mai aikin ofis wannan ɗan ciwo ne. Ga manomin Bunguɗu da ke ɗaga garma, ko matar da ke daka da ɗaukar ruwa, hanyar abinci ce aka taɓa. Wannan ma motsa jiki a hannun ma'aikatan fisiyo yana rage shi ƙwarai.

Abinci

Wanda ba shi da yawu, kuma harshensa ba ya juya loma, tuwo yakan maƙale masa. Tsire da kilishi da ƙuli-ƙuli da goro sun zama sai kallo. Yaji yana ƙona shi, tsamiya tana yankar masa baki, ɗanɗano kuma yakan ɓace na watanni, har nama ya zama kamar tsumma. Wani in ya haɗiyi ruwa sai ya ƙware, ruwan ya bi hanyar iska, in abin ya yawaita ya zama ciwon huhu. Ta haka mutum yake ramewa a gaban iyalinsa, su kuwa suna cewa ai ciwon ne bai sake shi ba, alhali yunwa ce.

Amma a nan Allah ya yi mana gata, domin madafar Bahaushe cike take da abin da wannan mutum yake bukata. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi suna da yauƙin da ke maye gurbin yawu, su zarce da loma. Ga kunun gyaɗa, ga fura da nono in an dama ta da laushi, ga alala, ga faten wake, ga ƙwai da kifi, ga kunun gero da aka haɗa da waken suya da gyaɗa. Abin da ya rage shi ne a gaya wa mai girki: ta rage barkono, ta bar abinci ya huce, ta ba shi kaɗan-kaɗan sau shida a yini maimakon sau uku, ta kuma yi hattara da sukari saboda haƙora. A riƙa auna nauyinsa wata-wata a asibitin da ya fi kusa. Duk wannan ba ya bukatar ko allura guda.

Akwai kuma abin da ya fi yunwa ciwo. Mu mutane ne masu cin abinci a akushi ɗaya. Wanda leɓensa ba ya rufuwa, ko wanda aka yanke wa ganɗa har kunu yana fitowa ta hanci, kunya takan sa ya janye ya shige ɗaki. Wani gidan kuma su ne za su ware masa kwanonsa da moɗarsa, suna tsoron kada a ɗauka. Jama'a, ina roƙonku ku kai wannan magana gida: ba a ɗaukar ciwon daji ta kwano, ko ludayi, ko moɗa, ko gaisawa. Ware masa kwano bai kare kowa daga komai ba, sai dai ya ƙara wa mai ciwo wani ciwon.

Magana da fuska

'Yan'uwana na Sashen Hausa sun san baƙaƙen da muke kira 'yan hanƙa, irin su ta, da, ɗa, tsa, sa, na, la da ra, waɗanda ba sa fita sai tsinin harshe ya tashi zuwa bayan haƙoran sama. Ku ɗauki kowace jimla ta Hausa ku cire su, ku ga abin da zai saura. Haka wanda aka yanke wa gaban harshe yake fama. Wanda aka huda wa ganɗa kuwa, iska ta hanci take tsere masa, maganarsa ta zama ba a ganewa. Ku tuna da limamin unguwa da zai ja Fatiha a bayyane, da malamin firamare gaban yara sittin, da dillali a kasuwar Tsafe wanda jarinsa bakinsa ne, da uwar da ke kiran 'ya'yanta. A waya abin ya fi muni, domin mai saurare ba ya ganin leɓe. Sai a ga mutum mai yawan raha ya koma shiru-shiru, a ce ciwo ya sauya masa hali.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma bai bar manya ba. Sigmund Freud, mashahurin masanin halayyar ɗan Adam na birnin Biyana, wanda ya kasance mai yawan shan taba, ya kamu da dajin ganɗa da muƙamuƙi a 1923. Ya rayu shekara goma sha shida bayan haka, aka yi masa aiki fiye da sau talatin, har ya rasu a Landan a 1939. Abin da aka ƙera masa ya toshe ramin bakinsa ya dame shi matuƙa, magana gaban jama'a ta gagare shi, har ya zama 'yarsa Anna ce take karanta jawabinsa. Ita ta je Farankfot a 1930 ta karɓo masa wata babbar lambar yabo. In mai hali irin wannan ya sha haka, ina ga talakan Kwatarkwashi?

Amma ga wani labarin mai ƙarfafa zuciya. A watan Yuli na 1893 aka yi wa shugaban Amurka, Grover Cleveland, aiki a asirce cikin wani jirgin ruwa, aka yanke masa wani sashe na ganɗa da muƙamuƙin sama na hagu. Da farko maganarsa ta lalace. Sai wani likitan haƙori ya ƙera masa marufi na roba daidai ramin, maganarsa ta komo, har mutane ba su gane an yi masa komai ba. Ya ƙare mulkinsa a 1897, ya rayu har 1908. Abin da ya mayar wa shugaban ƙasa da muryarsa shekara fiye da 130 da suka wuce, irinsa ne masu ƙera haƙoran roba suke yi a yau. Ilimin tiyata ma ya ci gaba: tun 1989 wani likita a Niyok, David Hidalgo, ya nuna yadda za a ɗebo siririn ƙashin nan na ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa a gina sabon muƙamuƙi da shi. Wannan babban aiki ne mai tsada. Marufin ganɗa kuwa, da koya wa mutum sabuwar hanyar furuci da haɗiya, ba su kai nan ba.

Fuska fa? Kowane tabo a jiki riga tana rufe shi, ban da na fuska. Namiji yakan ja amawali ko ya sa takunkumi, mace ta ja mayafi. Sannu a hankali sai a daina ganinsa a majalisa, da ɗaurin aure, da suna. Mace takan fi shan wuya, musamman in aurenta ya soma rawa. Ga kuma fargabar da ba ta rabuwa da shi, duk ɗan ƙurji ya ce ciwon ne ya dawo. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna masu dajin kai da wuya sun kusan ninka masu sauran ire-iren daji wajen halaka kansu. Allah ya kiyashe mu. Amma wannan ya isa ya nuna mana cewa damuwar zuciya sashe ce ta ciwon, tilas a yi mata magani kamar yadda ake yi wa gyambo.

Hanya da aljihu

In ciwon zai dawo, yawanci cikin shekara biyun farko yake dawowa. Don haka ƙa'ida ita ce majinyaci ya riƙa komawa wurin likita kowane wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, a riƙa ƙara tazara har shekara biyar. Mutumin Zamfara mai bukatar gashi ya saba dosar ɗayan wuri biyu. Ko ya bi ta Bunguɗu da Maru da Talata Mafara zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Gusau, ko ya bi ta Tsafe da Funtuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya. A shekarar 2025 an buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wannan kuwa abin murna ne, amma ita ma tafiya ce. Ba sai na gaya wa kowa a zauren nan abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyin nan ba, ko yawan manoman da aka raba da gonakinsu. Mutumin da ya sayar da shanun hudarsa ya biya kuɗin tiyata, ina zai sami kuɗin motar mutum biyu kowane wata? Sai ya je sau ɗaya, sau biyu, ya bar wa Allah. A takardun asibiti a rubuta ba a sake ganinsa ba.

Gwamnati ta yi waɗansu yunƙuri. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta soma wani asusu na tallafa wa matalauta masu ciwon daji, amma da iri uku ya fara: dajin mama, da na bakin mahaifa, da na furostet na maza. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan Nijeriya, tare da tanadi domin marasa galihu. A farkon 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a Jihar Zamfara. Duk waɗannan ƙofofi ne. Amma ƙofa ba ta buɗuwa sai an ƙwanƙwasa, mai dajin baki kuwa shi ne majinyacin da ba shi da bakin yin ƙara.

Kada wani ya ce abin da nake nema sai a Turai. A Sakkwato akwai Asibitin Noma, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF take tallafa masa tun 2014. Noma ba daji ba ce, ko da yake a ƙauyukanmu sau da yawa sunan ciwon daji ake kiran ta da shi. Cuta ce da ke cinye kumatu da leɓen ƙananan yara masu fama da tamowa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023, bisa ga roƙon da Nijeriya ta jagoranta. Tabon da take bari kusan ɗaya ne da na dajin baki: fuska ta lalace, muƙamuƙi ya ƙage, ci da magana su gagara. A wannan asibiti ba a tsaya ga ɗinke fuska ba. An haɗa da abinci mai gina jiki, da motsa muƙamuƙi, da masu kwantar da hankalin yaro da iyayensa, da bin sawun waɗanda aka sallama. In an iya yi wa yara haka a Sakkwato, ana iya koyon darasin domin iyayensu a Gusau.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Na farko, takardar sallama. Duk wanda aka yi wa aikin baki ko gashi ya kamata ya komo da 'yar takarda shafi guda da Hausa, boko da ajami, wadda ta faɗi abin da aka yi masa, da cewa kada a cire masa haƙori sai da sanin likita, da yadda zai motsa muƙamuƙi, da abin da zai ci, da alamun da in ya gani zai garzaya asibiti: sabon gyambo, ƙullutu a wuya, jini, ko rama. Ɗaliban Hausa da ɗaliban kiwon lafiya suna iya zama su tsara ta cikin zango ɗaya, su kai wa likitoci su duba. Haka kuma tambayoyin nan goma sha biyu, a sa su cikin Hausar da tsohuwa za ta gane.

Na biyu, rana ɗaya a wata a Gusau. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, ga kuma Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Abin da nake roƙo shi ne a keɓe rana guda da waɗanda aka yi wa magani za su sami likitan haƙori, da ma'aikacin fisiyo, da masanin abinci, da jami'in jin daɗin jama'a a wuri ɗaya, a riƙa tuntuɓar likitocin Sakkwato da Zariya ta waya, kada a ɗora wa mutum doguwar tafiya sai ta zama dole. Amfani na biyu shi ne za su ga juna. Wanda ya shekara biyu da marufin ganɗa ya fi kowane likita iya lallashin wanda aka sa wa jiya.

Na uku, Tsafe da Bunguɗu. Kowannensu yana da babban asibiti, Tsafe kuma tana da Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya, inda ake horar da ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyukanmu. Duba baki da tocila, shafa wuya, auna buɗewar baki, da ɗora mutum a sikeli, duk abubuwa ne da za a koya musu cikin 'yan kwanaki. Idon da zai lura da tsohon majinyaci shi ne kuma zai tsinkayi sabon gyambo tun yana ƙarami.

Na huɗu, gare ku 'yan'uwa ma'aikata. Ku ne kuke rubuta takardun da manya suke sa wa hannu. In ana tsara kasafi, ko ana jera abubuwan da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha za ta biya, ku tuna da marufin ganɗa, da kuɗin motar komawa asibiti. In abokin aikinku ya komo da magana a karye, kada abin da za a fara tunani ya zama ritaya. Malamin da ba ya iya tsayawa gaban aji yana iya duba jarrabawa, yana iya riƙe rajista. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, tana bayanku.

Na biyar, gare mu duka. In mun tafi hutu, mu gaya wa iyayenmu da limamanmu cewa duk gyambon baki da ya kai mako uku bai warke ba, asibiti ne wurinsa. Masu busa taba a cikinmu su yi wa kansu faɗa tun yanzu. In kuwa akwai irin wannan bawan Allah a unguwarku, kada gaisuwarku ta ƙare a kwana ukun farko. Ku je bayan wata guda, ku je bayan wata shida. In yana magana ku yi haƙuri ya ƙarasa, kada ku ƙarasa masa, kada kuma ku yi kamar kun gane alhali ba ku gane ba. In an kawo abinci ku wanke hannu ku ci tare da shi. Ranar Juma'a ku biya masa ku tafi masallaci tare.

Shugaban taro, lokacin da aka ba ni ya cika. Ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai, kafin a watse daga zauren nan, ta naɗa mutum biyar da za su ɗauki aikin takardar sallamar nan, su kawo mana ita a taro na gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar ba ta da nauyi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya ba jiharmu lafiya da zama lafiya.